Yadda Ake Haɗa Jakar Ko-ta-kwana Kafin Hawa Jirgin Araha Zuwa Ƙasar Waje

A tikitinsu mafi sauƙi, kamfanonin jiragen araha irin su Ryanair, Wizz Air da easyJet a Turai, ko flynas a ƙasashen Larabawa, kujera da 'yar jakar hannu kawai suke sayar maka. Abinci da kuɗinsa, babban akwati da kuɗinsa, zaɓen kujera ma sai ka biya. Araha ba ta ado. Ranar da jirgi ya yi lattin awa shida, ko aka soke shi da sha ɗayan dare a filin da ke bayan gari, abin da ke jikinka da na cikin 'yar jakarka ne zai riƙe ka. Ga tambayar da za ka auna kowane kaya da ita: me zai ishe ni awa 24 zuwa 48 babu akwatina, babu kanti a buɗe, babu kuma wanda na sani?

1. Fara da jakar, kafin abin da zai shiga cikinta

Jakar ko-ta-kwana dole ta zama wadda za ta shige ƙarƙashin kujerar da ke gabanka. Idan ma'ajiyar sama ta cika, ma'aikata kan karɓi akwatunan ja a bakin ƙofar jirgi su tura su cikin kaya. Wanda ya zuba maganinsa da cajarsa a akwatin ja ya rabu da su ke nan sai an sauka, idan ma akwatin ya iso tare da shi.

Ryanair da Wizz Air suna barin jaka ɗaya kyauta mai santimita 40 da 30 da 20. Ta easyJet ta ɗan fi girma, 45 da 36 da 20. Su flynas da flydubai na Dubai kilo 7 suke bari. Sukan sauya waɗannan ma'aunai, don haka ka duba abin da ke rubuce a tikitinka. Jakar goyo mai laushi ta fi akwati mai tauri, domin ana iya danna ta cikin ma'aunin da ke bakin ƙofa. Ka auna ta bayan ka cika ta, har da aljihun waje da ya kumbura. Tarar da za a ci ka a ƙofa takan zarce kuɗin tikitin kansa.

2. Ware abin da ba zai bar jikinka ba

Fasfo, waya, katin banki ɗaya, wani kaso na kuɗi da maganin yini guda: waɗannan a jiki suke zama, a aljihu mai zif ko 'yar jakar da ake ratayawa ƙarƙashin riga. Aljihun gefe na kaftani ba wurin fasfo ba ne, da ka zauna sai ya zame. Idan aka ce a fice daga jirgi da gaggawa, ba a ɗaukar jaka ko kaɗan. A ranar 2 ga Janairun 2024 jirgin Japan Airlines ya kama da wuta a filin Haneda na Tokyo, mutum 379 da ke ciki duk suka fita da rai, kuma sun bar kayansu a ciki ne.

3. Takardu, a takarda da kuma a waya

Ka yi kwafi biyu na shafin fasfo mai hoto, da biza, da tikitin dawowa, da shaidar masauki, da takardar inshora. Ɗaya a cikin leda mai zif a jakarka, ɗayan a hannun wani a gida. Ka ɗauki hotonsu a waya, ka kuma tura wa kanka ta imel. Haɗa da hotunan fasfo guda huɗu. Idan fasfo ya ɓata, za ka fara da rahoton 'yan sanda, sannan ofishin jakadancin ƙasarka ya ba ka takardar tafiya ta gaggawa wadda gida kawai take mai da mutum, kuma kwafi da hoto ne suke gaggauta aikin.

Duba wa'adin fasfo tun da wuri. Ƙasashe da yawa suna son saura wata shida. Yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, yana son saura wata uku bayan ranar da za ka fita, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 ga mai neman biza. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo: yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi na har abada. Mai zuwa Umara ya haɗa da shaidar allurar sanƙarau.

Akwai tarkon da ya fi kama masu farautar tikiti mai sauƙi: sayen tikiti biyu daban-daban don a haɗa hanya. Idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, babu ruwan kamfani na biyu, sabon tikiti za ka saya. Sau da yawa kuma sai ka wuce jami'an shige da fice ka ɗauki akwati ka sake ba da shi, wanda ke nufin sai da bizar ƙasar da ka yada zango. Masu fasfon Najeriya da na Ghana suna cikin waɗanda ake neman bizar yada zango a wurinsu ko da cikin filin jirgin Shengen kawai za su zauna, sai fa mai riƙe da wasu bizoji ko takardar zama da aka keɓe. Ka warware wannan kafin ka biya kuɗi.

A ƙaramin kati ka rubuta da biro: lambobin mutum biyu na gida, adireshin masauki, lambar ofishin jakadanci, rukunin jininka da cutar da kake fama da ita. Lambar neman agaji 112 ce a Tarayyar Turai da Turkiyya, 999 a Ingila, 911 a Amurka.

4. Kuɗi kashi uku

Kaso ɗaya a jiki, ɗaya a ƙasan jaka, ɗaya a kati. Abin da za ka ware na gaggawa ya isa kwana ɗaya a otal da kuɗin tasi da abinci sau uku, wato kamar Dala ko Yuro 150 zuwa 200, a ƙananan takardu na 10 da 20. Mai kanti a filin jirgi da tsakar dare ba zai fasa maka ɗari ba. Tsofaffin takardun Dala masu ƙaramin kai, da masu yagewa ko tabon biro, 'yan canji a waje kan ƙi su. A cikin jiragen araha da yawa kuma kati kawai ake karɓa, don haka ka tambayi bankinka ko katinka yana aiki a waje, da iyakar abin da zai biya a wata. Kuɗin da ya kai Yuro 10,000 sai an bayyana wa kwastam wajen shiga Tarayyar Turai.

Kuɗin mota ba ƙaramin abu ba ne a irin wannan tafiya, domin jiragen araha sukan sauka nesa. Filin Beauvais da ake lissafawa a na Faris yana da tazarar kusan kilomita 85 daga birnin, na Hahn kuwa ya haura kilomita 100 daga Frankfurt. A Istanbul filaye biyu ne, kuma Sabiha Gökçen yana ɓangaren Asiya, da nisa daga babban filin. Idan bas ta ƙarshe ta wuce ka, tasi zai cinye duk rangwamen da ka samu.

5. Waya da caji

Katin shiga jirgi, taswira, banki, duk suna cikin waya, don haka mutuwar batir babbar matsala ce. Fawa-bank a jakar hannu yake tafiya, an hana sa shi a akwatin da za a tura cikin kaya, saboda batirin lithium idan ya kama da wuta a can ciki ba mai kashewa. Iyakar da ake bari ba tare da izini ba ita ce Wh 100 (Wh ma'aunin ƙarfin batir ne). Lissafin ba wuya: ka ninka lambar mAh da ke rubuce a jikinsa da 3.7 ka raba da 1,000. Mai 20,000 ya zama 74, ya wuce lafiya. Mai 30,000 ya zama 111, sai da izinin kamfani. Wanda rubutun jikinsa ya goge ana iya ƙwace shi, tunda ba a san ƙarfinsa ba. Wasu kamfanoni, irin su Emirates tun Oktoban 2025, sun hana amfani da shi a cikin jirgi, saboda haka ka cika waya tun a ƙasa.

Sa igiyar caji biyu, ita ce ke fara lalacewa. Kan caja mai ƙafa uku irin na Najeriya yana shiga a Ingila, Saudiyya da Dubai, amma Faransa, Jamus, Turkiyya da Masar mai ƙafa biyu zagayayyu suke amfani da shi, sai da adafta. Ka yi rajistar shiga jirgi ta intanet tun kana gida ka ɗauki hoton katin shiga jirgin, domin Ryanair yana cajin fiye da Yuro 50 ga wanda ya bari sai a fili. Ka sauke taswirar garin da za ka, kuma ka kunna romin, wato damar amfani da layi a ƙasar waje, a layinka kafin ka tashi, in ba haka ba lambar sirrin da banki ke turowa ba za ta same ka ba.

6. Magani: nan ake yin kuskure mai tsada

Maganin da kake sha kullum, na hawan jini, suga, asma ko sikila, ka ɗauki na kwanakin tafiya da ƙarin mako guda, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan sinadarin maganin, domin sunan kamfani yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kada ka ɓare ƙwayoyi ka zuba a leda: jami'in da ya ga fararen ƙwayoyi marasa suna yana da dalilin tsare ka. Insulin ba ya shiga cikin kaya, sanyi na iya daskarar da shi ya lalace.

Tramadol da duk wani magani mai kodin suna iya kai mutum kurkuku a Masar, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa idan babu takarda. Ita Daular ma izinin ma'aikatar lafiyarta ake nema tun kafin a taso. Ka karanta jikin maganin tari da na ciwon jiki da ke gidanka. Kuma kada ka karɓi saƙon magani ko ƙulli daga kowa a filin jirgi, ko da kuwa an haɗa ka da Allah.

Sauran kayan ba su fi cikin tafin hannu biyu ba:

- Farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 16. Babba ba ya wuce 8 a awa 24.
- Garin ruwan gishiri da sukari, ƙunshi 4. Idan ya ƙare, litar ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.
- Loperamide na tsayar da gudawa, don ka iya kai wa masauki. Ba a shan sa idan akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi.
- Maganin ƙaiƙayi da atishawa, filasta 6, ƙaramin bandeji, takunkumi 2.

Wanda ya taso daga Kano, Maradi ko Garwa yana iya tafiya da maleriya a jikinsa bai sani ba, ta tashi bayan mako guda ko fiye a ƙasar da likitocinta ba su saba ganinta ba. Ka yi shawara da likitanka kan tafiya da cikakken zubi na maganin maleriya artemether-lumefantrine, ƙwaya 24 ga babba. Idan zazzaɓi ya kama ka a can, ka je asibiti, kuma maganar farko da za ka faɗa ita ce daga inda ka fito. Mai sikila kuma ya ga likita kafin ya sayi tikiti, domin sanyi da bushewar iskar jirgi da ƙarancin shan ruwa suna tayar da ciwon.

7. Ruwa, abin taɓawa da tsarki

Duk abu mai ruwa, har man shafawa, man goge baki da turare, kada mazubinsa ya wuce mililita 100, kuma duka su shiga leda mai gani ta lita ɗaya. Girman kwalba ake dubawa, don haka babbar kwalba mai ɗan saura a ƙasa ma za a jefar. Wasu filaye sun sassauta saboda sabbin na'urori, amma ba ka da tabbacin na dawowa. Gorar ruwa babu komai a ciki tana wucewa, sai ka cika ta bayan bincike. Ta biyu, mai laushi da ake naɗewa, ita ce butarka, domin banɗakunan Turai takarda kawai ake ajiyewa. Haɗa da siririyar sallaya da tishu mai jiƙa.

Dabino, gyaɗa, biskit da cincin suna riƙe ciki kuma ba sa lalacewa. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida: Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara daga waje. Goro ma haramtacce ne shiga da shi Saudiyya. Reza da wuƙa ba sa wucewa, almakashi sai wanda bakinsa bai haura santimita 6 ba.

8. Sutura

Canjin kayan ciki ɗaya, safa, da riga mara nauyi, a naɗe su tamau. Rigar sanyi kuwa ka sa ta a jiki, ba a auna abin da ka saka. Zani ko babban mayafi yana zama bargo, matashi da labule ga mai kwanan benci.

9. Idan abin ya faru

Ajiye ambulan da biro don rasidai. Duk jirgin da ya tashi daga Tarayyar Turai yana ƙarƙashin doka mai lamba 261 ta 2004: a gajeriyar tafiya, lattin awa biyu ya wajabta wa kamfani ba ka abinci, idan an kwana kuma masauki. Idan ka isa da lattin awa uku ko fiye, kuma laifin kamfani ne ba yanayi ba, diyya tana kamawa daga Yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisa. Sau da yawa sai ka biya da aljihunka sannan ka nemi a mayar maka, kuma ba rasit ba biya.

Idan akwati bai fito ba, kada ka bar zauren kaya sai ka cike fom ɗin rahoton ɓatan kaya, ka karɓi lambarsa, ka riƙe 'yar takardar da aka manna maka a katin shiga jirgi. Hoton akwatin da ka ɗauka kafin ka miƙa shi zai sauƙaƙa bayani. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, kwana 7 gare ka ka rubuta ƙorafi idan akwatin ya fashe, kwana 21 daga ranar da aka kawo shi idan makara ya yi.