Kan Sarki a Jikin Azurfa Ba Shaidar Fada Ba Ne

Mazaunin kyandir na matafiya, wanda dillalan Ingila ke kira Brighton bun, ƙananan faranti biyu ne da ake kifa ɗaya a kan ɗaya a murɗe, bayan an zuba kofunan kyandir da murafen kashe wuta a ciki. Da zarar dillali ya ce daga fada ya fito, sai kuɗinsa ya haura. A nan ne masu saye ke yin tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne ɗan hoton kan sarki da aka buga a gindin faranti. Wannan hatimin haraji ne kawai. Daga 1784 zuwa 1890 ana buga shi a jikin kayan azurfa don nuna an biya gwamnati, har cokalin mai kantin unguwa yana ɗauke da shi. Kambi ma haka: tsohuwar alamar ofishin gwajin azurfa na Sheffield ce, wanda aka buɗe a 1773. Kan damisa na Landan ne, anga ta Birmingham, zaki mai tafiya kuma yana shaida cewa kashi 925 cikin 1000 azurfa ce zalla. Duk cikinsu babu mai faɗin sunan mai kaya.

Tambarin gidan sarauta da aka zana fa? Shi ma a yi hattara. An sha ba jakadu da manyan ma'aikata kayan azurfa masu tambarin sarki don aikin ofis, alhali sarkin ko da ido bai gan su ba. Ga kuma zanen da ake ƙarawa daga baya. Idan zanen yana sheƙi, gefensa da kaifi, farantin kuwa duk ya sha jiki, ni dai nan take nake ja da baya.

Maganin abin takarda ce. Christie's, gidan gwanjo na Landan, ta yi gwanjon azurfar Duke na York a 1827, ta Duke na Sussex kuma a 1843, dukansu 'ya'yan Sarki George III, kuma an buga kundin kayan. A nemi lambar kayan, a gwada nauyi da bayani. Azurfar gidan sarautar Hanover, a Jamus ta yanzu, takan zo da haruffan EAFs na Ernest Augustus, wanda ya hau gadon sarautar Hanover a 1837. Sannan a duba harafin shekara, wato harafin da ke cikin hatimi mai nuna shekarar da aka gwada azurfar: Duke na York ya rasu a 1827, to abin da aka ƙera a 1835 ba nasa ba ne, ko dillali ya rantse.

A kwance shi gaba ɗaya kafin a biya. Hatimin faranti biyun ya zo ɗaya, na kofuna da murafe kuma kada ya saɓa musu, don ƙananan sassan ne suka fi ɓacewa a musanya su. Jan ƙarfe yana leƙowa a gefe, ko an rubuta EPNS? Ruwan azurfa ne aka shafa.

Sai wanda ya saya ya kai gida ya kama gurza. Yawan goga yana cinye hatimi da tambarin da aka biya kuɗi dominsu. Kakin da ya daskare a narkar da shi da ruwan ɗumi, kada a sa wuƙa, a share da ƙyalle mai laushi, kuma wajen murɗawa a bi a hankali don azurfa ba ta da taurin ƙarfe.