Idan aka miƙo maka takardar tuhuma a wurin aiki

Ma'aikata da yawa a Katsina, daga sakatariyar jiha har ofisoshin ƙananan hukumomi irin su Daura da Mani, da an ba su takardar tuhuma sai su naɗe ta a aljihu, su bazama neman wanda zai kama musu ƙafa wurin darakta. Neman alfarma ba laifi ba ne. Amma ranar da magana ta kai gaban Hukumar Kula da Ma'aikata ko gaban alƙali, fayil ake buɗewa, kuma roƙon da aka yi maka a zaure ba ya cikinsa.

Da farko ka karɓi takardar, don ƙin karɓa wani laifin ne na rashin biyayya. Ka sa hannu, ka rubuta kwanan wata da lokacin da ta iso ka, saboda daga nan wa'adi yake fara tafiya. Wa'adin yana rubuce a jikinta, sau da yawa awa 48 ko 72. Wanda ya bari ya wuce, ana ɗauka ba shi da abin cewa, a ci gaba da shari'arsa ba tare da shi ba.

Sai ka karanta ta a natse. Wane laifi aka ce ka yi, a wace rana, wace doka aka ce ka karya? Idan an dunƙule zancen, kamar a ce "sakaci da aiki" kawai, ka faɗi haka a cikin amsarka, ka nemi a fayyace, a kuma nuna maka takardun da aka dogara da su. Haƙƙinka ne, domin sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci.

Wurin rubuta amsa ne aka fi yin ɓarna. Tarbiyyarmu ta sa mutum yakan buɗe da "a yi mini afuwa" ko da bai yi komai ba. A takarda, wannan amsa laifi ne, kuma da ita za a kama ka. Wani kuma zuciya ke ɗibarsa, ya cika shafi uku yana tonon asirin maigidansa, a ƙarshe ya ƙara wa kansa laifin rashin ɗa'a. Ka bi tuhume-tuhumen ɗaya bayan ɗaya, a gajarce, kowanne da hujjarsa: takardar asibitin gwamnati, takardar izinin hutu, shafin rajistar zuwa aiki. In kuwa da gaske ka yi kuskuren, ka faɗi dalili yadda yake. Ƙarya a rubuce ta fi fashin aiki na kwana biyu nauyi.

Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ta hannun shugabanka na kusa, ka tsaya sai an buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. A gida za ka ajiye shi, ba a durowar ofis ba, ka kuma ɗauki hotonsa a waya. Takarda takan yi ƙafa daga fayil.

Idan aka kafa kwamiti, kana da damar bayyana, ka kawo shaidunka, ka yi wa shaidun da aka kawo tambayoyi. Wanda ya kai ƙararka bai kamata ya zauna cikin masu hukunta ka ba; in ka gan shi, ka yi ƙorafi a rubuce tun ranar. Ka sanar da ƙungiyarka da wuri, ko NULGE ce ta ma'aikatan ƙananan hukumomi ko NUT ta malaman makaranta.

Dakatarwa iri biyu ce a dokokin aikin gwamnatin tarayya: akwai wadda ake biyan rabin albashi, a mayar maka da ragowar in an wanke ka, akwai wadda ake tsayar da albashin ɗungum. Jiha tana da nata kundin, ka nemi ganinsa a sashen mulki. Kada ka bar garin aikinka ba izini a wannan lokaci.

In abin ya kai ga kora, ka ɗaukaka koke ga hukumar da ta ɗauke ka aiki. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ma tana saurare kyauta, muddin magana ba ta gaban kotu. Amma kada jiran amsa ya cinye maka lokaci. Sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin irin wannan shari'a, tana kuma da reshe a Kano. Akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 na shigar da ƙara. Kotuna sun sha bamban kan ko ta shafi rikicin aiki, don haka ka shigar kafin wata ukun. Ma'aikacin da aka tabbatar a aiki, in an kore shi ba bisa ƙa'ida ba, kotu tana iya mayar da shi kujerarsa da albashinsa na baya. Lauya zai nemi takardar ɗaukarka aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma ta ƙarshe, takardar tuhuma, amsarka mai hatimi, da takardar korar.