Yadda ake sambusar nama ta shan shayi ba tare da ta fashe a mai ba

Duk wadda ta zo koyon sambusa a wurina, tambayarta ta farko ita ce me ake zubawa a cikin naman. Ni kuwa ban taɓa ganin sambusar da ta lalace don an manta da kori ba. Abin da nake gani kullum shi ne a jefa ta a mai ta buɗe baki, nama ya watse, mai ya yi baƙi, sauran da za a soya duk su fito da ɗigo-ɗigon ƙonanniyar albasa a jikinsu. Ko kuma ta fito lafiya ƙalau, amma kafin shayi ya tafasa ta langaɓe kamar tsumma. Yawanci daga falle matsalar take, wato fatar da ake naɗe naman a ciki, saboda haka a kansa zan fi daɗewa.

Ki auna fulawa kofi 2, kusan giram 250 ke nan, ki tankaɗe. Ki zuba gishiri rabin ƙaramin cokali da man gyaɗa babban cokali 2, ki murtsuke da yatsu har man ya ɓace a cikin garin. Sai ruwa, kaɗan-kaɗan, abin da bai kai kofi guda ba, kamar rabin kofi. Ba yis, ba bekin fauda, ba ƙwai, ba bota. Na san akwai masu fasa ƙwai a ciki wai don ta yi daɗi, to ƙwai taushi yake sa ta, ke kuma ƙaras-ƙaras kike nema. Kwaɓin ya yi tauri, ya fi na burodi ƙarfi sosai, idan kin danna da yatsa kada ya manne miki. Ki murza shi kamar minti 7 har ya yi sumul, ki rufe da leda ko jiƙaƙƙen ƙyalle, ki bar shi ya huta minti 30. Kada ki tsallake hutun nan. Fulawar da aka gama murzawa tana da danƙo, kina miƙe ta tana komawa kamar roba, sai ta huta take saki ta yarda a mayar da ita siririya.

Kafin kwaɓi ya huta sai ki yi naman. Rabin kilo na niƙaƙƙen nama ya ishi wannan fulawar har ya yi ragowa. Ki zaɓi tsoka marar kitse, don kitse yana daskarewa idan sambusa ta huce, ya bar miki maiƙo a dasashi. Idan ba ki da injin niƙa kuma ba ki yarda da tsabtar na kasuwa ba, ki tafasa naman da albasa da gishiri har ruwan ya ƙone, ki zuba a turmi ki daka. Ni na fi son dakakken ma, ya fi riƙe kayan ƙamshi. Ki sa mai cokali 2 kacal a kasko, ki zuba naman da tafarnuwa da ɗanyar citta da attaruhu gwargwadon bakin gidanki, da kori da sinadarin ɗanɗano. Ɗanyen nama zai fitar da ruwansa, ki yi ta juyawa har ruwan ya tsotse tas, naman ya zama warwar. Albasa manya 2, yankan ƙanana, sai a ƙarshe take shiga, ki juya minti 2 ki sauke, ki watsa lawashi idan kina da shi. Tumatir ba ya shiga sambusa. Tattasai ma idan za ki sa, yankawa za ki yi, kada ki niƙa.

Ki juye a faranti mai faɗi ki baza ya huce sarai. Nama mai zafi yana tururi a cikin falle, ya jiƙa shi tun kafin ya ga mai.

Idan nama ya yi tsada, kamar yadda yake yi kowane azumi, ki raba shi biyu ki cike da dafaffen dankalin turawa da aka yanka ƙanana, ko karas, ko kifin gwangwani da aka tsiyaye wa mai. Babu wanda ya kafa dokar abin da za a zuba a ciki. A Indiya yau dankali da koren wake aka fi sawa. Ibn Battuta, matafiyin nan na Maroko da ya zauna a Delhi a fadar Sarki Muhammad bin Tughluq cikin ƙarni na 14, sambusar da ya ga ana kawowa a teburin sarki cikinta niƙaƙƙen nama ne da albasa da kayan ƙamshi da ƙwayoyi masu kama da gyaɗa, su almon da fistashiyo. Larabawa suna ce mata sambusak, mu muka ce sambusa ko samosa. Abin da kawai ban yarda da shi ba shi ne ɗanyen kabeji, don ruwa ne zalla, sai dai ki soya shi tukuna ki matse.

To, mu koma kan falle. Ki raba kwaɓin gida 8 daidai, ki mulmula kowanne. Ki ɗauki 4, sauran ki rufe su. Ki murza kowanne ya kai faɗin tafin hannu da yatsu, ki yi ƙoƙari su zo girma ɗaya. In babu katakon murji, kwalba mai santsi da aka wanke ta isa. Ki shafa mai a saman na farko, ki barbaɗa fulawa 'yar kaɗan a kan man, ki ɗora na biyu, shi ma mai da fulawa, haka har na huɗu. Saman na huɗu ba a shafa masa komai.

A nan na sha kunya ranar da na fara yi. Surukata ce za ta zo shan ruwa, na ce bari in nuna gwaninta. Na jera guda 6 a maimakon 4 don in gama da wuri, man kuma a tsakiya kawai na ɗiga, na ɗauka murji zai kai shi gefe. Bai kai ba. Da na ɗora a wuta gefen duk ya haɗe ya zama abu ɗaya, ina ja yana yagewa, ƙarshe wata gurasa mai kauri na samu wadda ba ta ciyuwa, sai ƙosai aka aika yaro ya sayo a bakin titi. Saboda haka man nan ki kai shi har bakin da'irar, ko'ina ya samu, ko da faɗin farce kika bari ba mai, a nan zai manne. Fulawar da ake barbaɗawa ita ke hana fallayen zamewa da juna lokacin murji. Kada ki wuce 4, sai hannunki ya faɗa.

Yanzu ki murza su a haɗe. Daga tsakiya zuwa gefe, a hankali, ba da ƙarfin tuwo ba. Duk bayan murji biyu ko uku ki kifa su, na ƙasa ya dawo sama, domin na sama ya fi saurin miƙewa, in ba ki juya ba za ki samu ɗaya babba siriri, ɗaya ƙarami mai kauri. Ki tsaya idan faɗin ya kai na farantin cin abinci, kamar santimita 25.

Ki ɗora kasko mai faɗi a wuta, busasshe, ba mai. Wutar ta zama ƙasa-ƙasa. Idan gawayi kike amfani da shi, ki bari ya ci ya kwanta tukuna. Ki shimfiɗa fallayen a haɗe, ki ƙirga kamar daƙiƙa 20, ki kifa. Za ki ga na saman ya canza kala, ya bar farin ɗanyen kwaɓi ya koma kamar takarda mai maiƙo, wani lokaci ya ɗan kumbura nan da can. Ki sa bakin wuƙa a gefe ki ɗaga shi, ki ɓare a hankali. Ki sake kifawa ki ɓare na ɗaya gefen, ki ci gaba haka har su ƙare. Ba gasawa kike yi ba, kashe ɗanyen kawai ake so. Idan kin ga ɗigon ja ya fito a jikinsa, ya wuce, zai karye wurin naɗi. Idan kuma yana miƙewa kamar cingam lokacin ɓarewa, bai yi ba, ki ƙara masa daƙiƙa 10. Na farko da na biyu za su iya ɓaci, kowa haka ta fara, kada ki zubar, ki yanyanka su ki soya wa yara.

Duk wanda kika ɓare ki sa shi nan take a ƙarƙashin ƙyalle mai ɗan danshi. Lokacin hunturu musamman, minti 5 a buɗe ya isa iska ta busar da shi ya zama kamar ganyen kuka. Wannan sakacin ya fi kowanne kama masu koyo, suna can suna fama da kasko, waɗanda suka gama suna bushewa a faranti.

Akwai masu dama fulawa ruwa-ruwa su shafa da buroshi a kaskon da ba ya kamu. Ya fi sauri, ban musa ba, kuma masu sayarwa da yawa shi suke yi. Amma a hannuna ya fi shan mai, sannan sai kina da kasko mai kyau wanda bai goge ba. Na murji nake koyarwa.

Ki jera fallayen ki yanka da wuƙa. Gida biyu idan manya kike so, ki samu 16. Na shan shayi ni gida huɗu nake yi, su fito 32 ƙanana, loma biyu an gama, kuma sun fi auki idan baƙi sun cika falo. Ki dama fulawa cokali 2 da ruwa cokali 3, kaurinsa kamar koko mai kauri, shi ne gam ɗinki. Ki naɗe falle kamar yadda mai gyaɗa yake naɗe takarda, ki shafa gam a inda gefe ya hau gefe, ki danne. Kafin ki zuba komai ki ɗaga ki leƙa tsinin ƙasan. Idan haske yana shigowa, mai ma zai shiga, ki warware ki sake. Ki zuba nama ya kai kashi biyu cikin uku na zurfinsa, kada ki cika don son a ce kin yi hannu sake. Ki shafa gam a leɓen da ya rage, ki rufe, ki matse kusurwoyin uku da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Kada ɗigon nama ko maiƙo ya taɓa wurin gam, ba zai kama ba. Ki bar su minti 10 gam ya sha iska.

Suya ba ta da wani dogon bayani. Mai ya yi yawan da za su yi iyo, zafinsa matsakaici, wajen digiri 170 ga mai abin aunawa. In babu, ki jefa guntun falle: ya nutse ya taso a hankali da ƙananan kumfa, to ya yi. In ya taso nan take yana ja, ki rage wuta, don mai mai zafi sosai yana sa jikinta ƙuraje, waje ya ƙone ciki bai soyu ba. Ki riƙa sa 5 ko 6, kina juyawa, minti 4 zuwa 5 sun yi ruwan zuma. Ki tsame a matsami ko kwando su tsiyaye, kada ki rufe su da zafi a kula, tururi zai kashe ƙaras ɗin da kika sha wahala a kai.

Waɗanda ba za a ci yau ba kada ki soya. Ki jera su a tire ba tare da sun taɓa juna ba, ki sa a firiza su daskare, sannan ki juye a leda, ranar da ake so a jefa su a mai a daskare ba sai sun narke ba. Wannan sai inda wuta take tsayawa. In unguwarku irin tamu ce, ki yi daidai cin yini kawai. Shayin kuma ki dafa shi da citta da kanumfari, ki rage sukari, ki ɗora shi a wuta kafin ki fara suyar kaskon ƙarshe don su iso tare da zafinsu.