Kafin ku tayar da akori-kurar da ta daɗe a ajiye

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu shirin farfaɗo da tsohuwar Peugeot 504 akori-kura a gida, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, don Allah kar ku ɗaura sabon batir ku murɗa makulli kai tsaye. Na yi hakan da ta mahaifinmu, na ji jiki.

Injin da ya shekara biyar a zaune, baƙin mai ya gama zurarewa ƙasa, cikin silinda ya bushe, wataƙila har da tsatsa. Ku cire fulogi huɗun nan, ku ɗiga baƙin mai kamar cokali guda a kowane rami, ku bar shi ya kwana biyu. Sannan ku saki giya, ku sa sifana a kan fulin da ke gaban injin ku juya da hannu a hankali. In ya juya, alhamdulillahi. In ya cije, kar a tilasta, a ƙara mai a ƙara haƙuri.

Tsohon fetur kuma a zubar, ya zama danƙo, zai toshe kabureta. A sauke tanki a wanke.

Abin da ya fi damuna shi ne masu fara sayen fenti. Shiga ƙarƙashinta da tocila da sukundireba tukuna, ka tsokani ƙarfen inda sifirin ya kama. Tawa da na tsokana, ƙarfen ya zubo min a fuska kamar garin kwaki, sai da mai walda ya yi mako a kanta.

Birki kuwa, sabon mai da sababbin roba kafin ta leƙa titi.