Yadda ake narka gilashi kala-kala a yi abin ado da shi

Abu na farko dai kar ka kwaso kwalaben lemo da gilashin taga ka haɗa su wuri ɗaya, wallahi fashewa zai yi, don kowane gilashi da irin yadda yake buɗewa in ya sha zafi. Shi ya sa masu sana'ar suke sayen iri ɗaya, kamar na kamfanin Bullseye da ke Portland a Amurka, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa duk ma'auninsu ɗaya.

Ka yanka su yadda ranka ke so, mayankin ma karta kawai yake yi sai ka ɓalle da filaya. Ka goge kowane yanki da sifirit, shatin yatsa kaɗai ya isa ya sa saman ya yi hazo. Sai ka jera su hawa biyu kan farantin murhun gasa gilashi na musamman, wanda aka shafa wa maganin hana mannewa, kauri ya kai kamar milimita 6, in bai kai ba gefe zai tattare.

Wuta a hankali. Wajen digiri 800 a ma'aunin Celsius komai zai narke ya zama sumul, in kana son tudu-tudun su fito ka tsaya kusan 750, ni wannan ya fi burge ni.

Sanyayawa kuma nan ake asara, ka riƙe shi wajen 480 na awa ɗaya ko fiye, kar zumuɗi ya sa ka buɗe murfi sai ya huce sarai. In lanƙwasa kake so sai a sake gashi na biyu kan mazubi, wajen 650.