Yadda zaka auna tsaron ma'aikata a kamfanin gini kafin ka miƙa musu lambar yabo

Duk shekara idan 28 ga Afrilu ta matso, ranar da ƙungiyar ƙwadago ta duniya ILO ta ware tun 2003 domin tsaro da lafiya a wurin aiki, sai kaga ana ta kafa kwamitoci, wannan na ƙungiyar 'yan kwangila ne, wancan na wata ma'aikata, wani ma kamfani ɗaya ne mai wuraren gini huɗu ko biyar yake so ya fidda wanda yafi kula da ran ma'aikata a cikinsu. Abu ne mai kyau wallahi, ni ina goyon baya. Inda gizo yake saƙar shi ne wajen zaɓen, sau da yawa fom ake aikawa, kamfani ya cike ya rubuta cewa bana ko ƙwarzane babu wanda ya samu, ya haɗa da hotunan ma'aikata sanye da sabbin hulunan kwano, shikenan a kira shi a bashi kambu. Na daɗe ina aikin sefti a wuraren gini kuma na zauna a irin wannan kwamiti, shi yasa nace bari in rubuta yadda ake yi idan da gaske ake.

Ka fara da alƙaluma tunda dole ne, amma ka san yadda ake karanta su. Kirga yawan waɗanda suka ji rauni kawai baya gaya maka komai sai ka san awa nawa aka yi ana aiki. Lissafin da OSHA, hukumar tsaro da lafiya a wurin aiki ta Amurka, take amfani da shi, wanda kamfanoni da yawa a duniya suka ara, shi ne ka ɗauki yawan raunukan da suka kai a rubuta ka ninka da 200,000 sannan ka raba da jimillar awannin da ma'aikata suka yi a shekarar. Ita 200,000 ɗin awannin mutum 100 ne masu aikin awa 40 a sati har sati 50. Misali kawai, kamfani mai mutum 40 da suka yi awa 80,000 aka samu rauni 2, lissafinsa zai bada 5. Wani kuma mai mutum 500 da awa 1,000,000 aka samu rauni 10, nashi 2 ne. Kaga wanda ya fi yawan rauni a ido shi ne ya fi sauƙi a lissafi. Wasu kamfanonin da miliyan ɗaya suke ninkawa kuma raunin da ya hana mutum zuwa aiki kawai suke kirgawa, don haka ka tabbata duk masu takara ma'auni ɗaya aka yi musu, kuma ka nemi na shekara uku a jere, shekara ɗaya sa'a ma tana iya bayarwa.

Sannan ka tambayi awannin su wa aka saka a lissafin. A nan ne ake yawan yin rufa-rufa. A wurin gini a Najeriya mafi yawan masu aikin ba ma'aikatan kamfani bane, leburori ne da ake ɗauka da safe a bakin ƙofa a sallame su da yamma, da birkiloli da kafintoci da masu ɗaurin rodi da ƙaramin ɗan kwangila ya kawo. Su ne suke hawa sama da kwanon kankare a ka ranar zuba dakin, wato rufin kankare, su ne suke faɗowa. Idan kamfani ya kawo maka lissafin injiniyoyinsa da direbobi da 'yan ofis kawai to bai gaya maka komai ba.

Shi kuma sifili, wato ace ba'a samu rauni ko ɗaya ba, ni tsoro yake bani fiye da ya burge ni. Ranar 20 ga Afrilu 2010 manyan jami'an kamfanonin BP da Transocean suna kan dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon a tekun Meziko, cikin abinda ya kai su har da yaba wa ma'aikata saboda sun yi shekara bakwai ba'a samu raunin da ya hana wani aiki ba. A daren nan wurin ya fashe, mutum 11 suka mutu. Ba gini bane, amma abin ɗaya ne, ƙananan raunuka sun yi ƙasa alhali babban haɗarin yana nan yana jira ba wanda ya auna shi.

Na kuma gani da idona a wani wurin gini da na yi aiki, akwai allo a bakin ƙofa ana rubuta kwana nawa aka yi babu hatsari, an yi alkawarin idan aka cika shekara kowa zai samu kuɗi. Wani yaro giranda ta yanke shi a hannu yanka mai zurfi, foman ya ja shi gefe ya bashi kuɗi yace ya je kemis a ɗaure kada ya faɗa wa kowa, kuma abokan aikinsa su ma suka taya ɓoyewa don kada su rasa kyautar. Sai da hannun ya kumbura ya fara ruwa muka sani. Har yau idan na tuna yaron nan raina ɓaci yake, don mu da muka kafa allon muna da hannu a ciki. Tun daga lokacin bana yarda a ɗaura kyauta a kan shiru.

To me zaka nema a madadin haka? Abinda kamfanin yake yi kafin hatsari ya faru. Kace su kawo maka littafin da suke rubuta tsallake rijiya da baya, irin bulo ya faɗo daga hawa na uku ya sauka kusa da mutum, ko tsani ya zame amma mai shi ya riƙe. Kamfanin da yake da irin wannan rahoto da yawa, kuma kowanne an rubuta abinda aka gyara da ranar da aka gyara, ya fi mini wanda littafinsa yake fari fat. Ka ɗauki guda uku ko huɗu da kanka ba waɗanda suka zaɓa maka ba, ka riƙe su har ranar da zaka je wurin ka duba ko da gaske an yi gyaran.

Takardu ma akwai waɗanda babu wasa a kansu. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya biya kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa ga NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar, kuma idan wani ya ji rauni a kai rahoto cikin kwana 7. Ka nemi shaidar biya, ka nemi kwafin rahoto ko da ɗaya ne. Kamfanin da baya biya ni a wurina ya fita daga takara, don ranar da magini ya karya baya iyalinsa ne zasu shiga uku. Wasu zasu nuna maka satifiket na ISO 45001, tsarin duniya na kula da tsaro da lafiya a wurin aiki da ya fito a 2018 ya maye gurbin OHSAS 18001, yana da amfani amma ka duba ko wa'adinsa bai ƙare ba da kuma ko ya shafi wurin ginin ko hedkwata kaɗai. Ka tambayi jami'in seftinsu ko yana da rajista da ISPON, cibiyar ƙwararrun sefti ta Najeriya, sannan tambayar da ta fi wannan, shin yana da ikon tsayar da aiki ko sai ya jira oga ya yarda.

Daga nan sai zuwa wurin aikin, gani ya kori ji. Ka gaya musu satin da zaka zo amma banda ranar, kuma idan da hali ka dira da sassafe kafin a fara, ko ranar zuba kankare da kowa yake sauri, a ranar ne halin kamfani na gaskiya yake fitowa. Idan ka tarar da hulunan kwano suna ƙyalli ko ƙura babu, takalma sabbi fil, ka san don kai aka fiddo su daga sito.

Abubuwa huɗu ne suka fi kashe masu aikin gini kamar yadda OSHA ta daɗe tana faɗa, faɗowa daga sama, abu ya faɗo ko ya buge mutum, wutar lantarki, da kuma abu ya danne ko ya matse mutum kamar rami ya rufta. Faɗowa ita ce kan gaba don haka fara ɗaga kai sama. A ƙa'idarsu daga ƙafa 6, kusan mita 2, dole a samu kariya. Duba bakin dakin ko an kafa shinge, duba ramin lifta da na matattakala ko an rufe, duba sikafol ɗin da magina suke tsayawa a kai, ƙafafunsa a kan me suke zaune, a kan ƙasa mai ƙarfi da faranti ko kuwa an ɗora su a kan ɓallin bulo, katakan sun cika ko guda biyu aka jefa mutum yana rawa a kai. Idan kaga mutum da bel ɗin tsaro bi igiyar da ido ka ga inda aka maƙala ta, sau nawa na ga bel a jiki igiya tana lilo bata kama komai ba. Tsani kuma a duk ƙafa 4 na tsayinsa gindinsa ya ja baya ƙafa 1, kansa ya wuce inda za'a sauka da kamar ƙafa 3, a ɗaure shi.

Rami idan ya kai zurfin ƙafa 5 sai an tokare bangonsa ko an kwantar da shi, ƙasar da aka haƙo a janye ta daga baki aƙalla ƙafa 2, da damina kuwa abin ya ninka don ƙasa ta sha ruwa. Wayoyin da aka ja daga janareta ka bi su, tsirara aka cusa cikin soket, ko an haɗa da leda suna kwance cikin ruwa. Tifa da katafila idan suna baya akwai mai yi musu jagora ko babu. Ruwan sha, inuwa, banɗaki, akwatin taimakon gaggawa da ka buɗe ka ga kaya a ciki, da motar da za'a ɗauki mutum da sunan asibitin da za'a kai shi, duk ka duba, wanda yake aiki cikin zafin Afrilu babu ruwa jiri kaɗai ya isa ya jefo shi ƙasa.

Wani abu da nake so masu alƙalanci su gane, hular kwano da safar hannu su ne matakin ƙarshe a kariya, kada su cinye maka maki. Kamfanin da ya haɗa ƙarafunan rufi a ƙasa sannan ya ɗaga su da inji don kada kowa ya hau, ko ya kafa shinge zagaye da dakin, ya fi wanda ya raba bel ɗari ya bar bakin gini a buɗe. Wanda ya kawar da haɗarin gaba ɗaya shi ne na ɗaya, sai wanda ya sa shamaki tsakanin haɗarin da mutum, sai mai dokoki da horo, sannan mai raba kaya.

Amma duk wannan bai kai hira da ma'aikata ba. Ka bar manaja a ofis da sauran 'yan kwamiti, kai ka je inda leburori suke cin abinci ka zauna, da harshen da suke ji. Ni nakan samu dattijo a cikinsu in gaishe shi sosai sannan ince, Baba, ranar da ka fara aiki a nan me aka gaya maka kafin ka ɗauki shebur? Wannan takalmin baka aka yi ko cirewa aka yi a kuɗinka? Idan kaga sikafol yana rawa wa zaka gaya wa, kuma ka taɓa ganin an tsayar da aiki saboda wani yayi magana? Wa ya ji ciwo kwanan nan, wa ya biya asibiti, an biya shi kwanakin da yake kwance? Kada ka rubuta sunan kowa a gabansu kuma kada ka maimaita wa kamfani wa ya faɗi me, abincin mutum ne a hannunka. Idan mutum biyar suka baka amsa iri ɗaya kamar hadda, an karantar da su ne, canza wuri ka samu wasu.

Wajen raba maki, wannan ra'ayina ne, abinda ka gani a fili da abinda ma'aikata suka faɗa su ɗauki fiye da rabi, takardu da horo su biyo baya, alƙaluman rauni su zo ƙarshe. A raba manyan kamfanoni da ƙanana, ba adalci bane ka haɗa mai gina gada da mai gina gidaje biyu. Kamfanin da aka rasa rai a wurinsa a shekarar ya jira wata shekara komai kyan takardunsa. Kuma duk ɗan kwamitin da yake da alaƙa da wani kamfani ya faɗa ya koma gefe, kuɗin mota da abinci kwamiti ya ɗauki nauyin kansa.

Ita kanta kyautar ka bada abinda zai yi aiki. Shirin da NSITF da ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata NECA suke yi na duba wuraren aiki yana bada motar asibiti da kayan kariya ga waɗanda suka yi fice, wannan tunani ne mai kyau ko a ƙaramin mataki. Kuma kada a tsaya a kan shugaban kamfani a otal, a je wurin ginin a tara kowa, a kira kafintan da ya ƙi hawa sikafol mara kyau, da leburan da ya kawo rahoton waya tsirara, a faɗi abinda suka yi a gaban abokan aikinsu a basu nasu a hannu. Waɗanda basu ci ba a rubuta musu takarda shafi ɗaya ko biyu, ga abinda muka gani, ga abu uku da zaku fara gyarawa. Wanda ya ci kuma a gaya masa tun ranar cewa kwamiti zai dawo bayan wata shida ba tare da sanarwa ba, kuma an rubuta a ƙa'ida cewa ana iya karɓe lambar idan aka tarar shingen nan an cire shi.