Yadda Ake Karanta Littafin Binciken Kisa A Ji Daɗinsa

Duk wanda ya taɓa zama a dandali ana kacici-kacici ya san cewa daɗin wasan yana cikin tunanin da ake yi kafin a ce an ba da gari. Tsofaffin littattafan binciken kisa na Ingila haka aka gina su. Marubuci ya shimfiɗa maka duk abin da kake buƙata, ya ɓoye shi a fili, sannan ya jira ya ga ko za ka riga mai bincikensa gano mai laifi. Yawancin waɗanda na ji suna cewa irin waɗannan littattafai ba su da armashi, da gudu suka karanta su, suna neman shafin ƙarshe. Ga yadda nake karanta su, kuma yadda nake so ka gwada.

Mataki na farko: ka zaɓi ƙofar shiga mai sauƙi. Kada ka fara da doguwar ƙissa. Arthur Conan Doyle, likitan da ya ƙirƙiro mai binciken nan Sherlock Holmes a 1887, ya rubuta dogayen littattafai 4 da gajerun labarai 56 a kansa, kuma gajerun ne suka fi dacewa da sabon shiga, don kowanne zama ɗaya ya ishe shi. In ka saba, ka wuce wurin Agatha Christie. Littafinta na farko, The Mysterious Affair at Styles, ya fito a 1920, a cikinsa ne Hercule Poirot ya fara bayyana, tsohon ɗan sandan Beljiyam da yaƙi ya koro zuwa Ingila. Shi da da yawa daga labaran Holmes suna nan kyauta a rumbun Project Gutenberg a intanet, za ka iya saukewa a waya. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi bugun da aka sauƙaƙa wa ɗalibai, irin na Oxford Bookworms.

Idan ba ka son jini da tashin hankali, akwai reshen da ya fi taushi. A nan kisan yana faruwa ne a bayan fage, ba a tsaya ana siffanta gawa, wurin ƙaramin gari ne da kowa ya san kowa, mai binciken kuma sau da yawa ba ma'aikacin hukuma ba ne. Uwar wannan reshe ita ce Miss Marple, tsohuwar ƙauyen St Mary Mead da Christie ta ƙirƙiro, wadda littafi na farko a kanta ya fito a 1930. Tana zaune da saƙarta, tana sauraro, duk wanda aka kawo mata labarinsa sai ta tuna wani mai irin halinsa a ƙauyensu. Da ɗan gari akan ci gari. Ni dai ita na fi so, domin duk wanda ya tashi a gidan da ke da kaka ya san irin wannan ido.

Mataki na biyu: ka san dokar wasan. A 1929 wani limamin Katolika mai suna Ronald Knox, wanda shi ma marubucin irin waɗannan labarai ne, ya tsara ƙa'idoji goma. Daga ciki: dole mai laifin ya zama wanda aka ambata tun farkon labari. Babu aljani, babu tsafi. Ba a yarda da gubar da kimiyya ba ta sani ba. Ƙofar sirri kada ta wuce ɗaya. Tagwaye ba sa faɗowa daga sama sai an shirya mai karatu tun da wuri. Duk alamar da mai bincike ya gani, dole a nuna wa mai karatu ita. Ba kowane marubuci ya bi su sau da ƙafa ba, amma sun nuna alkawarin da ke tsakaninka da mai littafin. Saboda haka in aka tarar da gawa a ɗakin da aka kulle ta ciki, cire batun iska daga ranka. Hannun ɗan Adam ne, kuma ka riga ka gaisa da mai hannun a wani shafi da ya wuce.

Mataki na uku shi ne takarda da biro. A surori uku na farko za a jero maka mutane goma ko fiye, kuma Turawan wancan zamani kan kira mutum ɗaya da suna uku: na yanka a bakin matarsa, na iyali a bakin abokansa, muƙaminsa a bakin barori. Rubuta kowa da dangantakarsa da mamacin. A gaban kowane suna ka bar gurbin tambaya uku: me zai samu da wannan mutuwa, da me zai iya aikata ta, kuma ina yake a lokacin. Idan littafin ya zo da taswirar gida ko ta taragon jirgin ƙasa, kamar yadda Christie ta saka a wasu nata, ka tsaya ka dube ta da kyau. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai wani abu da ke rikita mai karatu Bahaushe, kuma shi ne ginshiƙin labaran da yawa: wasiyya. Mu mun saba da rabon gado mai ƙayyadadden kaso, wasiyya ba ta wuce sulusi. A Ingilar wancan lokaci attajiri na iya kiran lauyansa da yamma ya soke sunan ɗansa, ya rubuta dukiyar ga sabuwar amarya ko mai jinyarsa. Don haka duk inda ka ji tsoho ya ce gobe zai ga lauya, ka ja layi a wurin. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce wa tsohuwar wasiyya ta amfana, wa sabuwar za ta amfana, kuma wa ya san za a canza ta. Lissafin kuɗinsu kuwa ba baƙo ba ne ga dattawanmu: fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12, irin wanda aka yi amfani da shi a Najeriya kafin naira ta zo a 1973. Batun guba ma ka ɗauke shi da gaske a littattafan Christie, don ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta san abin da take faɗa.

Mataki na huɗu, kuma a nan gwaninta take: ka koyi inda ake ɓoye alama. Marubutan nan ba sa yi maka ƙarya, hankalinka suke karkatarwa. Sukan jefa muhimmin abu a tsakiyar jerin tarkace, a ce a kan tebur akwai tabarau da wasiƙu da kofi biyu da ashana, idonka ya wuce, alhali an ce mamacin shi kaɗai ya kwana. Sukan sa a faɗi gaskiya ta bakin wanda kowa ya raina, mai aiki ko yaro ko tsohuwa mai yawan surutu. Sukan kuma ajiye alama dab da wani abin firgici, ihu ko faɗuwa, don ka manta abin da ka karanta a layin baya. Ka riƙa bambance abin da aka nuna maka da abin da wani ya ce ya gani. Agogon da ya tsaya a ƙarfe tara bai tabbatar da komai ba sai cewa ya tsaya a ƙarfe tara.

Ka lura da abin da bai faru ba. A wani labarin Holmes na 1892 an sace dokin sukuwa cikin dare, kuma abin da ya buɗe masa hanya shi ne karen bargar bai yi haushi ba. Kare ba ya yi wa ɗan gida haushi.

Wanda alamu suka yi wa yawa tun tsakiyar littafi, galibi ɓad da sawu ne. Yana da abin da yake ɓoyewa, bashi ko soyayya ko tsohon abin kunya, amma ba kisa ba. Sai dai kada ka mai da wannan doka, domin Christie ta san masu karatu sun gane dabarar, takan juya ta.

Mataki na biyar: ka rufe littafin kafin sura ta ƙarshe. Za ka gane wurin, lokacin da mai bincike ya tara kowa a falo ɗaya. A Amurka, littattafan farko na mai bincike Ellery Queen har tsayar da labari suke yi a nan, su gaya wa mai karatu cewa yanzu duk hujjoji suna hannunsa. Ɗauko takardarka, rubuta suna ɗaya da dalilinka, in so samu ne ka kwana a kai. In kuna karatu ku biyu ko uku, kowa ya rubuta nasa a ɓoye kafin a buɗe. Wanda ya riga gamawa kuma ya kama bakinsa. A Landan, wasan kwaikwayon Christie mai suna The Mousetrap da aka fara nunawa a 1952, har yau akan roƙi 'yan kallo a ƙarshe kada su faɗa wa kowa mai laifin.

Bayan ka ga amsar, koma baya. Nemi shafukan da mai binciken ya kafa hujja da su, ka ga yadda aka ajiye maka abin a gabanka ka tsallake. A wurina karatu na biyu ya fi na farko daɗi, domin a nan ake ganin hannun magini. Littafin da ya fi cancantar wannan shi ne The Murder of Roger Ackroyd, littafin Poirot da Christie ta fitar a 1926. Ka ajiye shi sai ka karanta uku ko huɗu na Poirot, kada ka nemi bayaninsa a intanet ko da layi ɗaya, kuma ranar da ka gama shi ka juya zuwa surorin farko ka sake bin daren da aka yi kisan, jimla bayan jimla.